Kukan da Inna ta yi wa matar littafi

Shekarun baya, ina cikin takabar maigidana a gidansu da ke Dingyadi, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta zo mini gaisuwa daga Bodinga. Da za ta tafi sai ta tura wani littafin labari ƙarƙashin tabarmata, ta ce, "Ki riƙa dubawa, kada karatun ya gudu."

Ni a lokacin ba ta kaina nake ba, ta Inna, mahaifiyarsa, nake. Shi ne ɗanta na fari, kun kuma san kunyar ɗan fari: yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, da ya rasu ma ba ta bari an ga hawayenta ba. Sai dai furar da na dama mata ta yini a rufe har ta yi tsami. Kullum ƙara ramewa take.

To ni ban iya karatun zuci ba. Yadda aka koya mana a aji haka nake yi, yatsa bisa layi, baki na faɗa. Labarin wata mata ne da mijinta ya rasu. A zatona a hankali nake yi, ashe har ɗakin Inna ana jina.

Ran nan bayan la'asar na kai inda matar ta ɗaga buhu ta tarar da hular mijinta. Sai na rufe littafin.

"Ke, don mi kinka tsaya?" Inna ce tsaye bakin ƙofa.

Kunya ta rufe ni. "Inna, a yi haƙuri, ban san ana..."

"Ba shi nit tambaye ki ba. Hular, mi tay yi da ita?"

Ta zauna gefen tabarma, na ci gaba ina tuntuɓe da baƙaƙe. Can na ji shessheƙa. Ban ɗaga kai ba.

"Wannan baiwar Allah nika yi ma kuka," in ji ta. "Tausai ta ba ni."

Na ce, "Haka ne, Inna." Na tura mata kwanon fura da bayan hannu, ta sha tana saurare, har ta ga gindinsa.

Wata biyu muka yi kafin mu gama, don karatuna tafiyar tsohuwa yake. Kullum ita ke kawo furarta da kanta.

Inna ta rasu yanzu, Allah Ya jiƙan su duka. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ce wa take yi wa kukan nan ba, ni ma ban tambaya ba. 'Ya'yana na yi mini dariya wai har yau karatuna sai maƙwabta sun ji. Nakan ce su bar ni, ban san wa ke bayan ƙofa ba.