Na Wanke wa Baba Jirginsa

A lokacin ina sabuwar malamar firamare a Daura, ban daɗe da aure ba, kuma duk gidanmu an san ni da jarabar tsafta. In na ga ƙura sai in ji jikina yana ƙaiƙayi. Ƙannena har tsokanata suke yi, wai in aka bar ni, tukunyar ƙasa ma sai na dirje ta ta koma fara. Ni kuwa a ganina yabo ne.

Mahaifinmu direban jirgin ƙasa ne, ya yi ƙuruciyarsa a reluwe tsakanin Kano da Nguru. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida, garin da ko layin dogo babu a lokacin. Abin da ke ɗebe masa kewa shi ne wani ɗan kan jirgi na wasa da ya samo a gwanjo, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Shekara da shekaru yana zaune a zaure yana sake masa kama, don ya koma irin injin dizal ɗin da ya tuƙa. Ya lanƙwasa waya ya yi masa ƙarafen dafawa, ya yanka gwangwanin madara ya yi matakala. Ɗan mutum-mutumin direban da ke ciki kuwa cire shi ya yi, ya ce ba ya ajiye siffar mai rai, kuma ai direban ga shi nan zaune a kan tabarma. Ni dattinsa ne ya tsone mini ido: rufin baƙi ƙirin, gefe duk tsatsa, ƙafafun buɗu-buɗu da jar ƙasa. Duk zuwan da zan yi gaisuwa sai na harare shi.

Da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki aka kwantar da shi a asibiti a Katsina, ni aka bar wa gyaran gida kafin a sallamo shi. Na share zaure, na yi shafe, sai idona ya faɗa kan jirgin. Na ce a raina yau dai ka shigo hannu. Na samo kananzir da tsohon buroshi na wanke shi tas, na kai wa mai fentin babura ya fesa masa kore mai sheƙi. Wallahi da zumuɗi na ajiye shi gefen katifar Baba, ina jiran yabo.

Da aka sallamo shi, ya daɗe yana kallonsa. Ya sa hannunsa mai lafiya ya shafa ƙarfen bakin ƙofar direba, ya sake shafawa, sannan ya ce na sha aiki, Allah ya yi mini albarka. Ya sa aka ɗora shi a kan kabad, bai kuma ƙara cewa a sauko masa da shi ba.

Innarmu ce ta warware mini daga baya. Ashe duk dattin nan da gangan ne. Baƙin rufin hayaƙin fitila ne da ya riƙa shafawa da gashin kaza, jar ƙasar kuma sai da ya daka ya tankaɗe. Wurin da fenti ya koɗe a ƙarfen ƙofa kuwa, nan marigayi abokin tuƙinsa ke dafawa kullum in zai hau jirgin gaske; da allura Baba ya kankare shi. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce zan kawo fitila da gashin kaza mu mayar da komai. Ya yi murmushi, ya dubi hannunsa na dama da ya daina motsi, ya ce in bari kawai, jirgin ya yi kyau, sai dai wannan bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Bai daɗe ba Allah ya karɓi ransa, kuma har yau abin yana ci mini rai. Na gane cewa kyakkyawar niyya ba ta mayar da abin da aka goge. Don Allah, 'yan'uwa masu son gyara irina, kafin ku sa hannu a kayan tsofaffinku, ku tambaya. Wani tabon shi ne abin da suka ajiye.

Jirgin yana ɗakina yanzu, kuma shi kaɗai ne ba na gogewa. Ƙura ta hau shi, amma ba a inda Baba zai sa ta ba.