Gwaggo Kawo-Ruwa

Ƙanwar babana ce, ma'aikaciyar jinya, amma har jikokinta Gwaggo Kawo-Ruwa suke ce mata. Asibitin da take aiki ne ya so ya san yadda waɗanda aka yi wa tiyata suke ƙarewa bayan an sallame su, sai aka ɗora mata bin su gida-gida. Ina kewar wannan zamani. Tana da wani tsohon babur mai tari kamar mashayin taba, da jaka mai warin magani, warin ma kan riga ta shiga ɗaki.

Gwaggo ba ta yarda da "da sauƙi" ba. Takan ce, "Mutum ko yana bakin kabari, in ka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce maka." Shi ya sa in ta shiga gida aka gaisa, sai ta dubi majinyacin ta ce, "Tashi ka kawo min ruwa." In matarsa ta zabura, sai Gwaggo ta ce, "Zauna, uwargida, na hannunsa nake so." A tashinsa da tafiyarsa take ganin komai: ko ya dafe ciki, ko ya ja ƙafa, ko gumi ya keto masa. Ta sha zagi, wai baƙuwa marar kunya. Wani tela ma korar ta ya yi, amma ta kafe a ƙofarsa sai da aka mai da shi asibiti, aka tarar ɗinkinsa ya tara mugunya.

Bayan ta yi ritaya asibiti suka koma buga wa majinyata waya. Bara aka yi mata aiki a ƙugu. Da asibiti suka kira ina zaune, na ji ta ce, "Da sauƙi, 'yata, alhamdu lillahi." Raina ya ɓaci. Ba ta barci, ga ƙafa ta kumbura, amma ta hana kowa magana, wai ba za ta koma ta zama kaya a ɗakin da ta yi shekaru tana ba da umarni ba. Tsoro ya kama ni kar mu rasa ta.

Ana haka sai ga telan nan ya zo dubiya, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya tambayi jiki, ta ba shi amsar da ta ba asibiti. Na miƙe zan kawo masa ruwa.

"Zauna, yarinya," in ji shi. "Malama, tashi ki kawo min ruwa."

Ta harare shi. Ta dafa gado ta yunƙura, ta koma daɓas. Ta sake gwadawa, ƙafar ta ƙi. Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Ja'iri, ka rama," ta ce masa. Sannan ta juyo gare ni. "Ɗauko min mayafina, ki nemo mana mota."