Akushin Illela Ba A Buɗe Shi Sai An Gaisa

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, mu uku a gaban akori-kurar kamfani: direba, magini, da ni a tsakiya, gwiwata na kokawa da sandar giya. Kamfaninmu na sayen fata da ƙirgi ne. Tun da hedkwata ta koma sabon gini, kowa da ɗakinsa da ƙofarsa, sabon manajanmu ya ƙudurta cewa reshen Illela ma sai an raba shi haka. Aikina shi ne in nuna wa magini inda bango zai bi. A reshen nan na fara aikin akawu ina saurayi, don haka zuciyata ba ta so wannan aike ba.

A Gwadabawa muka karya kumallo da koko da ƙosai. Ƙosan sule da a da sai ka ci ka rage, yanzu bai rufe tafin hannu ba. Direba ya ce mai suyar ta yi karatun tsuke bakin aljihu fiye da gwamnati. Daga nan sai shingaye, don tun da aka rufe iyaka ba ka tafiya mai nisa ba a leƙa bayan motarka ba. Mu dai warin fata ya cece mu, duk jami'in da ya leƙa sai ya toshe hanci ya ɗaga mana hannu. Wajen Amarawa gero ya yi shar, har ya kai ƙugu.

Illela ta yi sanyi. Masu canjin sefa suna gyangyaɗi a kan benci, dogon burodin Ƙonni na tsallaken iyaka kuwa sai ka san wanda ya san wani kafin ka samu. Amma rumfarmu tana nan yadda na bar ta: ɗaki ɗaya ƙato, rufin kwano, babu ko labule. Sikeli a tsakiya, masu shanya fatu a gefe, teburin akawu kusa da ƙofa. Shugaban reshen, Malam Labbo, ya ajiye nasa teburin a jikin randa, yadda duk mai jin ƙishi sai ya gaishe shi. Da na shaƙi warin wurin sai na ji hawaye na neman zubo mini, ni da na yi shekaru ina yi wa warin nan tsiya.

Malam Labbo ya tsufa, amma muryar tana nan. Ya rungume ni, sannan ya ga magini da igiyar awo.

"Mi yak kawo wanga?" ya tambaye ni.

Na yi masa bayani. Magini ya ɗebo toka ya fara zana layi a ƙasa. Layin ya taso daga ƙofa, ya raba sikeli da randa, ya ratsa ta kan tabarmar da ake cin abinci. A nan Malam Labbo ya miƙe. Ya ce ranar da aka ɗora bulo a wurin nan, ranar zai tattara ya koma gonarsa a Darna. Ni kuma kunyar magini da direba ta sa na ɗaga murya, na ce umarnin hedkwata ne, ba shawara aka aiko ni nema ba. Kowa a rumfar ya ji, don ba inda magana za ta ɓuya.

Da azahar aka shigo da babban akushi na tuwon gero, rufe da faifai, aka ajiye shi daidai kan layin toka. Kowa ya wanke hannu ya zauna, har da wasu Fulani biyu da suka kawo ƙiraga, don duk wanda abinci ya tarar a rumfar da shi ake ci. Na naɗe hannun riga ina jira, amma ba wanda ya taɓa faifan. Sai a lokacin na tuna. Al'adar wurin ce tun kafin in zo: in mutum biyu sun yi cacar baki da safe, ba a buɗe akushi sai sun gaisa. Sau nawa ni ma na zauna da yunwa ina hararar masu faɗa! Yau ga idanu duka a kaina.

"Akawu," in ji wani mai shanya, "tuwo na hucewa, mu kau ba mu yi ma laihi ba."

Aka kwashe da dariya. Na tashi na durƙusa gaban Malam Labbo na miƙa masa hannu biyu. Ya riƙe ni ya ce, "Ɗana, yi aikin da anka aiko ka. Amma ka hwaɗa ma manaja, in kowa na da ɗakinai, wa za ya san an ɓata, balle ya hana buɗe akushi?" Sannan ya ɗaga faifan da kansa. Ban taɓa cin tuwon da ya huce ya yi mini daɗi haka ba.

Da la'asar muka juyo. Magini ya yi barcinsa, ni kuwa har muka shigo Sakkwato ina shirya maganar da zan yi.

Washegari na nemi izini wurin masinja, na shiga ofishin manaja na faɗa masa komai. Ya ce kamfani ba gidan biki ba ne, bulo an riga an saya, bayan damina za a fara. Na yi gardama, ya yi tsawa, na fito na rufe masa ƙofarsa. Ke nan Malam Labbo zai koma gona.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, zaman lafiyar Illela ba don mutanenta sun fi mu haƙuri ba ne. Ɗakinsu ne ba ya ɓoye fushi, akushinsu kuma ba ya barin fushin ya wuce azahar.

Da rana yaro ya kawo mini kwanon abinci daga gida. Na ajiye shi a kan tebur, na daɗe ina kallon murfin. Ta bayan bango ina jin ƙarar cokalin manaja. Na buɗe kwanona, ba wanda ya hana ni.