Kailu da kurman jirgin da ya gaida mai gari

Tare muka taso da Kailu a wani ƙauye na Kurfai, gabas da Filinge. Ni na tsaya ga noma, shi ya koyi gyaran rediyo da salula a kasuwa, daga baya ya shiga soja. Damina biyu ba mu shuka gonakin nesa ba saboda 'yan bindiga masu zuwa a kan moto, wato babur. Gonar uwarsa, Inna Tambara, tana can, kuma rumbunta ya kusa ƙarewa.

A lokacin ne wata ƙasa ƙawar tamu ta aiko wa sojojinmu kuramen jirage, ƙananan nan marasa matuƙi, tare da malaman da za su koyar da tuƙinsu. Aka zaɓi Kailu. Ya ce mini malaminsa baƙo ne mai haƙuri, sun fi fahimtar juna da hannu fiye da Faransanci.

Da ruwan farko ya sauka, aka tura jirgin ya tsare mu a gona. Mu kuwa da muka ji ƙugi daga sama, muka ɗauka moto ne. Muka watsar da iri, muka ruga gida. Laimar ta bushe a banza.

Kailu bai yi mana dariya ba. Ya roƙi shugabansa izini, ya zo da jirgin da malamin har ƙofar mai gari, domin a wurinmu baƙo ba ya shiga gona sai ya gaida dattawa. Aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye jirgin a kai. Malamin ya sha hura, ya ƙara. Inna Tambara ta shafa fukafukin, ta tambayi ɗanta ko wannan abin yana ganin gonarta.

"Inna, har gawon da kike rataye goranki."

Kailu ya tayar da jirgin, ya nuna mata gonar a allo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, ka ce mishi ya riƙa yin sallama."

Da ruwa na biyu ya zo, jirgin ya kewaya gari sau ɗaya kafin ya wuce daji. Sallamarsa ke nan. Muka bi ƙuginsa da sungumi da ƙwaryar iri, maza da mata, har gonakin nesa. Ranar nan sojoji sun tare wasu masu moto tun ba su iso rafi ba, mu ba mu ma sani ba sai da yamma.

Kailu bai ga girbi ba. Nakiya ta tashi da motarsu a hanyar dawowa Filinge. Allah ya jiƙanka, abokina, har yau ban iya goge lambarka ba.

Ni na ɗaure wa Inna damman hatsinta. Rumbun ya cika, sai da muka gina mata wani. Malamin nan ya zo gaisuwa, ta auna masa hatsi da hannunta ya tafi da shi ƙasarsu.