Wanke-wanken Liti Malabo

Ni da Liti taubasai ne, uwarsa ƙanwar babana ce, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da ikon yin fushi. Tare muka tashi a Kurugu, tare aka miƙa mana fartanya, amma tun muna yara aka san noman gyaɗa ba zai riƙe shi ba. Ana tsakiyar kunya sai ka ga ya miƙe, ya dafa ƙugu, yana kallon hanyar Karaye kamar wanda aka yi wa alkawarin baƙo.

Yana da shekara talatin da 'yan kai, da mata da ɗa guda, ya bi motar albasa zuwa Kalaba da sunan ci-rani. Wata uku ya ce zai yi. Daga Kalaba ya hau jirgin ruwa ya faɗa Malabo, can Ikwatoriyal Gini inda ake magana da Sifaniyanci, ya kafa tukubar tsire a bakin wata kasuwa. Wata ukun nan sai da suka zama shekara ashirin da ɗaya. Yakan leƙo gida bayan shekara biyu ko uku, ya kawo wa matarsa Mas'uda atamfa da turare, ya cika mana kunne da labarin teku, ya koma. Da ƙafa ta fara gajiya ya bar wa ɗansa Kamilu, wanda ya bi shi can, tukubar, ya dawo da furfura da wata ɗabi'a ta yi wa jaki tsawa da yaren da jakin bai taɓa ji ba. Tun daga nan sunansa ya koma Liti Malabo.

A gidansa kuwa mulki yake yi. Ko buta ce a gefen ƙafarsa, sai ya ƙwala wa Mas'uda kira ta taso daga madafi ta miƙa masa. Ni ma ba wai na fi shi ba ne, amma nasa ya yi yawa.

Kamilu ya auri wata ma'aikaciyar jinya a can mai suna Esperanza. Mas'uda ta yi mako guda tana kokawa da sunan, ta haƙura, ta koma kiranta uwar Lauratu. Shekara biyu ke nan da Allah ya yi wa Kamilu rasuwa bayan 'yar gajeriyar jinya. Liti ya tafi gaisuwa ya dawo da jikoki biyu, Lauratu mai shekara shida da Zubair mai huɗu. Uwar ba ta da mai riƙe mata su in ta tafi aiki, sai ta amince su zauna wurin kakanninsu har ta samu yadda za ta yi. Sharaɗi ɗaya ta kafa, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci za ta kira ta bidiyo ta gan su.

Yara kuwa kun san su. Ba a yi damina guda ba Hausa ta zauna a bakinsu daram, har Lauratu tana yi wa kakarta gyara. Yaren uwarsu ya fara zubewa. Kiran da ake awa guda ana yi ya koma minti biyar, ta yi magana mai tsawo, su ce "sí", wato "e", su kalli ƙofa inda 'yan'uwansu ke wasa. Wata Juma'a, ina wurin, ta tambayi Zubair wani abu tana murmushi. Yaron ya juyo ya ce, "Kaka, me matar nan take cewa?"

Ba ta jin Hausa, amma ta gane. Na ga fuskarta a wayar. Liti ya karɓa ya yi mata magana a hankali, irin muryar da ban san yana da ita ba. Daga baya ya gaya mini alkawari ya ɗaukar mata cewa yaran ba za su manta ba.

Bayan wata ɗaya wani ɗan kasuwa mutumin Rogo da ke harka a can ya kawo saƙo, ƙaramin littafin koyon karatu na yara mai hotuna. Liti bai yi boko ba sai ajin yaƙi da jahilci, Sifaniyancinsa ma na bakin tukuba ne, ya fi ƙarfi wurin faɗin yawan yaji da korar masu ɗanɗane. Amma ya sa tabarau, ya shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa har suka ba shi hanya. Littafin gaba ɗaya a kan aikin gida yake. Kowane shafi da hoton wani a cikin iyali yana wata hidima, da layi guda a ƙasa.

Shafin farko lafiya lau, uwa ce take shanya kaya. Shafi na biyu ne ya kawo rigima. Ga wani mutum mai gashin baki, ya naɗe hannun riga, yana tsaye a kan kwanuka cikin kumfa. Liti ya karanta, "Papá lava los platos," ya fassara musu cewa baba yana wanke kwanuka, ya ce su maimaita.

Lauratu ta ƙi maimaitawa. Ta ce, "Kaka, littafin nan ƙarya yake. Maza ba sa wanke-wanke. Kuma malaminmu na Islamiyya ya ce ƙarya haramun ce, ni ba zan karanta ba."

Ya lallashe ta da alawa, ta karɓa ta shanye, ba ta karanta ba. Ya yi barazana, ta ce sai dai ya kai ta gun malamin. Zubair kuwa duk abin da yayarsa ta yi shi yake yi. Kwana uku karatu ya tsaya cik a shafi na biyu.

Katangar da ke tsakanin gidana da nasa ta zube a daminar bara, dangar kara muka kafa, ita ma ta sha iska. Ba leƙe nake yi ba, wucewa na zo yi. Sai ga Liti Malabo, dattijo mai shekara saba'in ba kaɗan, a tsugune a bakin rariya, ya cire hula, soso a hannu, kwanukan tuwon rana a jibge a gabansa. Yana cuɗawa yana ɗaga murya, "Papá lava los platos!" Yaran biyu suna tsaye da littafi suna amsawa, Lauratu tana bin layin da yatsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gwaninta. Ya ware masu maiƙo gefe, ya sa toka a gindin tukunya, ya ɗauraye sau biyu, ya kife su a jere bisa tsari. Mas'uda tana tsaye a ƙofar ɗaki ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Malam, ashe ka iya?"

Ya ce, "To a Malabo wa kike tsammani yake wanke mini farantai shekara ashirin?"

"Shekara arba'in da biyar ina wanke maka kwano, har ranar da nake zazzaɓi, kana kallona, ashe ka fi ni iyawa!"

Ta shiga ɗaki ta fito da wasu samiru da ta daɗe ba ta taɓa ba, ta dire masa. Ta ce tunda karatu ne, a yi shi da kyau.

Ni mutum ɗaya kawai na gaya wa, Maikuɗi mai shayi, kuma na ce kada ya faɗa. Kafin magariba labari ya kai Unguwar Hajji. Wasu suka ce Mas'uda ce ta shanye shi da tsufansa. Wasu suka ce wani abu ya taka a teku sai yanzu ya tashi. Wani bawan Allah har rubutu ya aiko masa a gora, Liti ya yi godiya ya shanye, ya koma kan shafi na uku, inda kaka namiji yake share tsakar gida. Ya ɗauki tsintsiya. Shafi na huɗu yaro ne yake ba kare abinci a kwano mai kyau. Nan Mas'uda ta ce ba a gidanta ba, aka sasanta a kan akuya da dusa.

Da a gidansa abin ya tsaya da da sauƙi. Amma yaran unguwa suka ji ana waƙe-waƙen karatu, ga dattijo yana shara, wa zai bari wannan kallo ya wuce shi? Suka riƙa cika gidan bayan la'asar. Autata Na'ima tana cikinsu. Wata rana na gama cin tuwo na ture kwano, yarinyar nan ta dube ni ta ce, "Baba, papá lava los platos," ta miƙo mini soso. Uwarta ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Washegari a majalisa na tarar kowa da irin nasa ƙorafin. Maikuɗi ya ce shi tsintsiya aka jingine masa a ƙofar turaka. Aka yanke shawara ni zan je in yi wa Liti magana, tunda ni ne ba ya iya yi wa fushi.

Na same shi ranar Alhamis yana ɗauraya. Na ce, "Kai bawana, ka zubar mana da girma a garin nan. In kai ka sayar da naka, mu namu muna so."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Barau, ɗana yana kwance a ƙasar mutane. Matar nan ba ta haɗa komai da mu ba sai shi, amma ta ɗauki 'ya'yanta biyu ta damƙa mini. Ran da ta zo ɗaukarsu, in na miƙa mata yaran da ba sa jin abin da take faɗa, me na mayar mata? Ku yi ta dariya, ni kwano ba ya cizo."

Kunya ta kama ni, na tsaya ina murza hula. Lauratu kuwa ba ta san da wannan ba, ta buɗe shafi na bakwai ta ga hoton wani kawu yana goge kwanuka da tsumma, ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Yawwa, dama ba mu da kawu. Baba Barau, riƙe nan."

Wallahi ban san lokacin da tsumma ya shiga hannuna ba. Na goge ɗaya, na goge biyu, yara suna karanta layin suna tafi. Har na fara jin daɗi. Na uku wani farantin tangaran ne mai furanni, na kayan ɗakin Mas'uda tun na aure, wanda ta fito da shi don ƙeta kawai. Ya sulɓe. Ƙararsa har zaure. Mas'uda ta fito da muciya a hannu, ni kuma da ciwon gwiwata da komai na bi ta ɓarakar dangar nan na faɗa gidana, na bar takalmi ɗaya. Da yamma na aika Na'ima da goro, na roƙi arziki maganar ta mutu a cikin gida.

Washegari Juma'a. Na zo ɗaukar takalmina daidai lokacin da waya ta yi ƙara. Liti ya jera yaran a tabarma, ya gyara wa Lauratu ɗankwali. Ta karanta shafi bakwai cur ba tuntuɓe. Uwar ta tafa, ta yaba, sannan ta tambaye ta wani abu da ba ya cikin littafi. Lauratu ta kalli littafin, ta kalli kakanta, ta ce "sí". Na ga kafaɗun Liti sun sauka. Wata biyu yana tsugune a bakin rariya, ga shi abin bai wuce karatun allo ba.

Sai Zubair ya hango ni a bakin zaure da takalmi a hannu. Yaron da kullum muke cewa ba ya ɗaukar komai. Idonsa ya yi haske irin na mai tsegumi da ya samu wanda bai ji labari ba. Ya fizge wayar, ya juya ta ta kalle ni, ya fara da Hausa, ya ga uwar ba ta gane ba. Ya yi tsaki, ya runtse ido yana lalube.

"Mamá! Tío Barau... el plato... pum!"

Uwar ta zaro ido ta yi tambaya. Ya gane, ya amsa. Ya nuna kakarsa, ya ɗaga hannu kamar mai riƙe da muciya, ya laluɓo wata kalmar. Lauratu ta ce ba haka aka yi ba, ta ture shi ta karɓe labarin, kalmomin da muka zaci sun mutu suna fito mata ɗaya bayan ɗaya, har da yadda na maƙale a danga. Matar nan tana dariya tana share hawaye da bayan hannu, tana ƙara tambaya, su kuma suna rige-rigen ba ta amsa. Babu wanda ya kalli ƙofa.

Na ce wa Liti, "Me take cewa yanzu?"

Ya ce, "Cewa take su sake faɗa mata tun daga farko." Ya tashi ya yi bayan gida da buta, shi da kansa ya ɗauka.

Na zauna a kan turmi da takalmina a cinya ina sauraron yadda ake tona mini asiri a hayin teku, cikin yaren da ba na ji. Tunda nake ban taɓa jin daɗin abin kunya irin na ranar ba. Suna nan suna yi har cajin wayar ya ƙare.