Mudun Wake da Mudun Gero

Shekara shida ina lissafi a kan karo, kuma duk tsawon lokacin mahaifina yana gaya wa maƙwabtan rumfarsa ta hatsi a Kasuwar Muda Lawal cewa ɗansa hatsarin mota yake bincike. Laifina ne. Ranar da ya fara tambayar aikina, "karo" kawai na ce masa na ja bakina. Har mai shinkafar da ke kusa da shi ya taɓa tare ni, wai mashin ya buge ƙaninsa, yana neman shawara.

Karon da nake nufi a Turai ake yin sa, cikin wani rami mai zagaye a ƙarƙashin ƙasa. Ana sakin ƙwayoyin zarra, waɗanda ido ba ya gani, su zuba gudu, su gwabza, su tarwatse. Ban taɓa taka wurin ba. Alƙaluman da suka fitar nake saukewa a kwamfuta, in zauna da su a ɗakina na Tirwun. Tsohon lissafin zafi ya ce ɓarɓashin da ke fita da matsanancin gudu bai kamata ya yi yawa ba, sai ga shi ya fi yadda aka zata. Lissafin da nake bi yana kama wannan, domin bai yarda cewa in an haɗa kashi biyu dole jimlarsu za a samu ba.

A sashenmu na jami'a ni kaɗai ne a wannan fanni. Abokan aiki su ce, "Dakta, ya karo?" su yi dariya su wuce. Malamin da ya duba min digiri yana wata ƙasa, saƙo sai ya yi wata bai amsa ba. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai. Mutum ɗaya nake nema a duk Bauchi wanda zan yi wa maganar ya ce ya gane, na rasa, abin ya mayar da ni mai saurin hawa.

Wata Asabar da hantsi na je gaishe da Baba a rumfarsa, na ji yana maimaita wa wani zancen motar nan. Raina ya ɓaci.

"Baba, ba mota ba ce. Kuma ko na faɗa ba za ka gane ba."

"Gwada ni, Dakta," in ji shi. "Matambayi ba ya ɓata."

Na yi masa bayani a gurguje, kamar mai sallamar baƙo. Da na zo kan kashi biyun da ba sa ba da jimlarsu, sai ya ɗaga hannu. Ya auni mudun wake ya zuba a daro, ya auni mudun gero ya bi da shi, ya cuɗa, ya sake awo. Mudun farko ya cika. Na biyu bai kai baki ba.

"Geron ne ya shige tsakanin waken," ya ce. "Ba wanda ya ɓata, zama suka yi da juna. Wannan ne Turawa suka haƙa wa rami?"

Ga mutumin da nake nema zaune a kan buhu. Amma girman kai ya riga ni magana.

"Ba haka ba ne, Baba. Abin ya fi haka zurfi."

Ya yi murmushi, ya ce Allah ya ba da sa'a. Na tafi na bar shi da rariya a hannu, yana raba geron da waken da ya cakuɗa saboda ni.

Na ƙudurta zan koma in ce masa ya yi gaskiya, amma na ce bari takardar bincikena ta fito tukuna, in je da ita a hannu. Ya rasu da damina, ita kuwa sai bayan kaka ta fito.

Wurin gaisuwar rasuwar, mai shinkafar nan ya riƙe hannuna.

"Dakta, ai tsoho ya daina ce mana mota. Cewa yake, 'Ni da ɗana sana'armu ɗaya, awo muke yi. Shi ne dai bai yarda ba tukuna.'"

Mudun yana ɗakina yanzu, a kan teburin da nake lissafi.