Asabar a Gidan Hajiya

Shekarar da na yi haihuwar fari ina koyar da 'yan naziri a wata ƙaramar makaranta a Yakasai. Aikin rabi waƙa ne, rabi share majina, albashin kuwa ko tsakiyar wata ba ya kaiwa. Sai shugabar makarantar ta samo mini gurbi a kwas ɗin malaman ƙananan yara da ake yi duk Asabar. In na gama a ɗaga matsayina, albashi ya ɗan motsa. Sharaɗi ɗaya ne, ba a shiga aji da goyo.

Yarona ko rarrafe bai fara ba. Mahaifiyata ta rasu, surukata tana ƙauye, maigidan kuma Asabar ce ranar cinikinsa. Ni da nake wuni da 'ya'yan mutane na rasa inda zan ajiye nawa, abin ya ci mini rai ƙwarai. Na ce wa shugabar ta ba wata gurbin kawai.

Ranar Juma'a ana tashi sai ga wata Hajiya daga Kabara, kakar wata ɗalibata. Ni da ita ba ma ga maciji. Kullum jikarta sai ta koma gida da takalmi wari ɗaya, kullum kuma ni ce mai laifi. Ina hango ta na fara leƙa ƙarƙashin benci.

"Ba takalmi ya kawo ni ba," in ji ta. "Mai sharar makarantar nan ta ce wai karatun za ki fasa?"

Na ce, "Hajiya, babu mai riƙe mini yaron."

"Ji wata magana! Ke kike wanke wa tamu kashi tun daga Litinin, mu Asabar ce za ta gagare mu? Ki kawo shi da kununsa. Je ki koyo, wataƙila har da tsaron takalmi a karatun."

Dariya na so yi, hawaye suka riga ta. Na ji wani sanyi a raina da na manta rabona da shi.

Haka muka yi har na gama. Duk Asabar da la'asar in bi lungu zuwa gidan Hajiya in sami yaron a bayanta, an yi masa wanka an sa kwalli. A tsakar gidanta ya koyi tafiya.

Ranar ƙarshe ta miƙo mini shi, na duba ƙafarsa. Takalmi wari ɗaya. Muka kalli juna.

"Malama, kada ki ce komai," in ji ta.

Ban ce ba.